Kundin Thriller na Michael Jackson: Tambayoyi da Amsoshi kan Cinikinsa da Hukuncin Masu Sharhi

Duk sa'ad da aka tayar da zancen kundin waƙoƙin da ya fi kowanne ciniki a duniya, sunan Thriller ne ke fara fitowa, daga nan kuma sai gardama ta kaure a kan alƙaluma, da lambobin yabo, da batun ko kundin ya cancanci duk wannan suna. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne daga waɗanda suka fi maimaituwa a irin wannan gardama. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna hakan.

Thriller waƙa ce ko kundin waƙoƙi?

Duka biyun ne, kuma a nan ruɗanin ke farawa. Thriller shi ne kundi na shida da Michael Jackson ya fitar da sunansa shi kaɗai, ba tare da 'yan'uwansa ba. Kamfanin Epic, wanda ke ƙarƙashin CBS a lokacin, shi ya fitar da shi a ƙarshen watan Nuwamba na 1982, Jackson yana ɗan shekara 24. Waƙoƙi tara ne a cikinsa, tsawonsu gaba ɗaya kamar minti 42, kuma ta huɗu daga cikinsu ita ce mai suna Thriller. Don haka idan aka ce Thriller ya sayar da miliyoyin kwafi, kundin ake nufi, idan kuwa ana zancen gawawwakin da ke tashi daga kaburbura suna rawa, to bidiyon waƙar ake nufi, wanda bai fito ba sai da kundin ya shekara a kasuwa.

Su wane ne suka yi aikin kundin?

Quincy Jones ne ya jagoranci aikin a matsayin furodusa, injiniyan sauti kuma Bruce Swedien. An ɗauki waƙoƙin a sutudiyon Westlake da ke Los Angeles tsakanin watan Afrilu da Nuwamba na 1982, da kasafin dala 750,000. Jackson da kansa ya rubuta huɗu, wato Wanna Be Startin' Somethin' da The Girl Is Mine da Beat It da Billie Jean. Rod Temperton, wani Baturen Ingila da ya yi aiki da su tun kundin da ya gabata, ya rubuta uku, har da waƙar Thriller ɗin kanta, wadda da farko Starlight ake ce mata kafin ya sauya mata kalmomi. Steve Porcaro na ƙungiyar Toto da John Bettis su suka kawo Human Nature, James Ingram da Jones kuma suka rubuta P.Y.T.

Baƙin da aka gayyato ma ba a zaɓe su da ka ba. Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya rera The Girl Is Mine tare da Jackson. Eddie Van Halen, wanda matasan Turawa masu son kiɗan rock ke ji da shi, ya kaɗa jita a tsakiyar Beat It, bai kuma karɓi ko sisi ba. Vincent Price, dattijon ɗan wasan fina-finan ban tsoro, shi ne mai muryar nan da dariyar da ke rufe waƙar Thriller. Kowanne daga cikinsu ƙofa ce zuwa ga wani rukunin masu saurare da waƙar baƙaƙen fata ba ta saba isa gare su ba.

Aikin bai tafi sumul ba. Da aka saurari haɗin farko, kowa ya ji sautin ya yi sanyi, saboda faifan garmaho yana da iyakar abin da kowane gefe ke iya ɗauka: idan aka cusa masa mintoci da yawa, layukan da allura ke bi sai su matse, ƙarar ta ragu, kaurin ganga ya ɓace. Dole aka rage tsawon wasu waƙoƙin, aka sake haɗa sautin kundin baki ɗaya a ƙurarren lokaci. Swedien ya sha ba da labarin cewa sau 91 ya haɗa sautin Billie Jean, a ƙarshe kuma haɗi na biyu aka koma aka ɗauka.

Me ya sa Jackson ya shiga wannan aiki da buri mai girma haka?

Dalilin yana komawa ga kundinsa na 1979, Off the Wall, wanda shi ma Jones ne ya jagoranta. Kundin ya yi ciniki sosai, masu sharhi kuma sun yaba, amma a bikin Grammy na 1980, babban bikin ba da lambobin yabo na waƙa a Amurka, lamba ɗaya tak Jackson ya samu, ita ma a rukunin R&B, inda aka saba killace mawaƙa baƙaƙen fata. Ba a ma sa shi cikin masu takarar kundin shekara ba. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma ƙudura cewa na gaba ba za a samu hanyar kauce masa ba. Manufar da ya shiga sutudiyo da ita ita ce kowace waƙa a kundin ta iya cin kasuwa ita kaɗai, kada a saka wata don cike gurbi.

Ya kamata a tuna halin da kasuwar waƙa ke ciki a Amurka a wancan lokaci. Tun da tashen kiɗan disko ya mutu a 1979 ciniki ya ja da baya, kamfanoni suna sallamar ma'aikata, gidajen rediyo da yawa kuma sun rabu gida biyu, na kiɗan Turawa daban, na baƙaƙen fata daban. Cikin wannan rabuwa aka jefa Thriller.

Shin kundin ya karɓu tun ranar da ya fito?

Ya karɓu, amma ba yadda ake zato yanzu ba. Waƙar da aka fara saki a watan Oktoba na 1982, The Girl Is Mine, ta kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard, wato jerin mako-mako na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, sai dai ta sa mutane da dama sun ɗauka kundin zai zama mai laushi ne, irin na lallaɓa Turawa. Billie Jean da ta fito a watan Janairu na 1983 ita ta sauya lissafin. Ta yi mako bakwai a matsayi na ɗaya, tana kan ganiyarta kuma aka saki Beat It, wadda ita ma ta hau saman jadawalin na mako uku. Shi kansa kundin sai a ƙarshen Fabrairu na 1983 ya kai matsayi na ɗaya, kusan wata uku bayan fitowarsa. A watan Maris na shekarar, Jackson ne ke riƙe da waƙa ta ɗaya da kundi na ɗaya a Amurka da Birtaniya a lokaci guda.

Daga nan kundin ya yi ta hawa yana sauka har zuwa Afrilu na 1984, jimillar mako 37 a matsayi na ɗaya. Shi ne ya fi ciniki a Amurka shekara biyu a jere, 1983 da 1984. Waƙoƙi bakwai aka saki daga cikin tara, kuma dukansu sun shiga goman farko na jadawalin, abin da babu kundin da ya taɓa yi kafinsa. Wanda ke son fahimtar yadda ciniki ya ɗore har tsawon wannan lokaci sai ya duba amsoshi biyu da suka shafi talabijin da bidiyon Thriller a ƙasa, domin ba rediyo kaɗai ya yi wannan aiki ba.

Me masu sharhi suka ce a kansa a lokacin?

Akasarinsu sun yaba, amma yabo ne mai sharaɗi. Christopher Connelly na mujallar Rolling Stone da John Rockwell na jaridar New York Times duk sun yi masa sharhi mai kyau. Abin da ya fi jan hankalin masu sharhi shi ne duhun da ya shigo waƙoƙin da Jackson ya rubuta da kansa. Off the Wall kundin nishaɗi ne na filin rawa, amma a nan Billie Jean labarin mutum ne da wata mace ke ɗora wa ɗan da ya ce ba nasa ba ne, Wanna Be Startin' Somethin' kuma tana kukan tsegumi da masu cin naman mutum da baki. An ji muryar wanda ya girma a idon jama'a tun yana yaro, ya kuma fara tsoron idon.

Inda suka fi yin suka shi ne The Girl Is Mine, musamman hirar ƙarshenta inda Jackson da McCartney ke jayayya cikin raha kan budurwa, wadda da yawa suka ga ta yi zaƙi har ta gundura. Wasu ma waƙar Thriller ɗin suka ɗauka wasan yara ne da aka yi wa ado da kukan kyarkeci da ƙarar ƙofa. Duk da haka, a ƙuri'ar shekara-shekara ta masu sharhi da jaridar Village Voice ke shiryawa, mai suna Pazz & Jop, Thriller ne ya zo na ɗaya a 1983. Darajarsa a wajensu ba ta ragu ba daga baya: a jerin manyan kundaye 500 na Rolling Stone yana matsayi na 20 a bugun 2003, ya hau na 12 a bugun 2020.

Wace rawa talabijin ta taka, kuma da gaske ne MTV ta ƙi nuna shi da farko?

Tashar MTV ta fara aiki a watan Agusta na 1981, kuma a shekarunta na farko kusan duk mawaƙan da take nunawa Turawa ne, tana mai cewa ita tashar kiɗan rock ce. Walter Yetnikoff, shugaban kamfanin faifai na CBS, ya ce sai da ya yi barazanar janye bidiyon dukkan mawaƙan kamfaninsa kafin tashar ta yarda ta sa Billie Jean. Shugabannin MTV na lokacin sun musanta, suna cewa da ma sun yi niyyar sawa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daga watan Maris na 1983 bidiyon, wanda Steve Barron ya ba da umarni, ya shiga jerin waɗanda ake maimaitawa, kuma matasan da ba sa kama tashoshin rediyon baƙaƙen fata suka ga wani siririn saurayi yana taka daɓen titi, kowane dutsen da ƙafarsa ta taɓa yana kamawa da haske. Bidiyon Beat It na Bob Giraldi ya biyo baya, da kuɗin aljihun Jackson, har da 'yan daban Los Angeles na gaske a cikin masu fitowa.

Sai kuma daren bikin cikar kamfanin faifai na Motown, inda Jackson da 'yan'uwansa suka yi suna tun suna yara, shekara 25, wanda aka ɗauka a Pasadena a watan Maris aka nuna a tashar NBC ranar 16 ga Mayu, 1983, ga masu kallo kimanin miliyan 47. Bayan ya rera tsofaffin waƙoƙi da 'yan'uwansa, Jackson ya tsaya shi kaɗai a dandali da baƙar riga mai ƙyalli, da safar hannu guda ɗaya, da wando ɗangalalle da ya bar farar safar ƙafarsa a fili. Gangar Billie Jean ta shigo, ya kafa malafa ya jefar, can a tsakiyar waƙar kuma ya zame da baya alhali ƙafafunsa na nuna kamar gaba yake tafiya. Zamiyar ba ta wuce daƙiƙa kaɗan ba. Ba shi ya ƙirƙiro takun ba, domin masu rawar titi sun riga shi, amma daga wannan dare aka san shi da sunan moonwalk a duniya, cinikin kundin kuma ya ƙara tashi.

Me ya bambanta bidiyon waƙar Thriller da sauran?

Lokacin da aka yi shi ne ya fi komai muhimmanci. Zuwa tsakiyar 1983 kundin ya sauka daga saman jadawali, inda Synchronicity na ƙungiyar The Police ya mamaye wurin tsawon watanni. Kamfanin CBS yana ganin an riga an ci ribar da za a ci, don haka bai ga dalilin kashe kuɗi mai yawa kan bidiyo na uku ba. Jackson ya nemi John Landis, mai ba da umarnin fim ɗin An American Werewolf in London, suka shirya gajeren fim na kusan minti 14. Don a samu kuɗin aikin sai aka ɗauki yadda ake shirya shi a matsayin wani shiri daban, aka sayar wa MTV da tashar Showtime haƙƙin nunawa, daga baya kuma aka fitar da shi a kaset ɗin bidiyo, ya yi kasuwa ƙwarai.

MTV ta fara nuna shi ranar 2 ga Disamba, 1983, kafin watan ya ƙare kuma kundin ya koma matsayi na ɗaya, shekara guda cur bayan fitowarsa. Rubutun da ke farkon bidiyon, inda Jackson ke nesanta kansa da imani da tsafi, ya samo asali ne daga matsin da ya fuskanta a cocinsa na Shaidun Jehobah, waɗanda ba su ji daɗin batun gawawwaki da rikiɗa ba. A 2009 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi a rajistar fina-finan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne bidiyon waƙa na farko da ya shiga.

Kwafi nawa aka sayar a zahiri?

Akwai alƙaluma iri biyu, kuma cakuɗa su ne ke haifar da gardama. Na farko shi ne wanda aka tantance. A Amurka ƙungiyar kamfanonin faifai ta RIAA tana ba da shaidar platinum ga kowane kwafi miliyan ɗaya, kuma a 2021 ta ba Thriller shaidar miliyan 34. Sai dai tun 2016 ƙungiyar ta fara haɗa saurare ta intanet cikin lissafi, inda saurare 1,500 ke daidai da kundi guda, saboda haka ba duka adadin ne faifai ko kaset da aka miƙa a kanti ba.

Na biyu ƙiyasin duniya ne, wanda babu hukuma guda da ke ƙirga shi. Adadin da aka fi yarda da shi yana wajen miliyan 70. An sha jin miliyan 100 ko fiye, musamman bayan rasuwar Jackson a watan Yuni na 2009, amma masu bin diddigin alƙaluman ƙasa-ƙasa ba su ga abin da zai kai jimillar can ba. A ɗaya gefen kuma, duk wanda ya san kasuwar kaset a Afirka ta Yamma a shekarun 1980 ya san cewa mafi yawan kwafin da suka zagaya kofe ne da ake naɗa a shago, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga littafin CBS. Ke nan masu saurare sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba, amma wannan ba ciniki ba ne a ma'anar da ake gardama a kai.

To har yanzu shi ne na ɗaya?

A duniya, e. Kundin bajinta na Guinness ya ba shi wannan matsayi tun 1984, kuma babu wanda ya karɓe. A cikin Amurka kaɗai lamarin ya bambanta, domin a 2018 RIAA ta ba tarin fitattun waƙoƙin ƙungiyar Eagles shaidar miliyan 38, ya wuce Thriller. Wancan tari ne na tsofaffin waƙoƙi, shi kuwa Thriller sabon aikin sutudiyo ne, don haka a wannan rukuni yana nan a gaba.

Lambobin Grammy takwas ɗin duk na Thriller ne?

A bikin 28 ga Fabrairu, 1984, Jackson ya karɓi lambobi takwas a dare ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Bakwai daga ciki ne suka shafi Thriller, ciki har da kundin shekara, da faifan shekara na Beat It, da furodusan shekara wanda ya raba da Jones. Ta takwas ta fito ne daga faifan labarin fim ɗin E.T. da ya karanta wa yara. Amma Bruce Swedien ya ci lambar injiniyan sauti da Thriller ɗin, saboda haka shi ma kundin takwas ya tashi da su, sai dai ba takwas ɗin da ke hannun Jackson a hotunan daren ba. Abin lura shi ne Jackson ya ci rukunin pop da na rock da na R&B gaba ɗaya, wanda shi ne amsar ƙorafin da aka ambata a tambayar Off the Wall. Lambar waƙar shekara kuwa, wadda ake ba marubucin waƙa, ta kuɓuce masa, Sting na ƙungiyar The Police ne ya ɗauke ta da Every Breath You Take.

Ina gaskiyar cewa an ɗauko wani ɓangare daga mawaƙin Kamaru?

Gaskiya ne. Amshin da ke rufe Wanna Be Startin' Somethin' ya samo asali daga Soul Makossa, waƙar da Manu Dibango, mabushin saksofon ɗan Douala, ya fitar a 1972, wadda ta yi tashe a gidajen rawa na New York. Ba a nemi izininsa ba, ba a kuma sa sunansa a bangon kundin ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu da biyan kuɗi. Maganar ta sake tasowa a 2009 lokacin da ya shigar da ƙara a Faransa, bayan Rihanna ta yi amfani da amshin a waƙarta Don't Stop the Music da izinin ɓangaren Jackson ba tare da an tuntuɓe shi ba. Dibango ya rasu a Faransa a watan Maris na 2020.

Yawan cinikin nan yana nufin shi ne kundin Jackson mafi kyau?

Ba lallai ba ne, kuma masu sharhi da yawa sun fi fifita Off the Wall a matsayin aiki guda mai tafiya bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ganin mai wannan rubutu suna da hujja. An gina Thriller ne don kowace waƙa ta kama wani rukunin masu saurare, shi ya sa idan aka saurare shi a jere ana jin tsalle daga zafin waƙar farko zuwa sanyin The Girl Is Mine, daga nan zuwa wasan fatalwa. Amma jerin da ya fara daga Beat It ya bi ta Billie Jean ya sauka a Human Nature yana da wuya a sami kamarsa a kundin pop. Buɗewar Billie Jean kaɗai ta isa misali: ganga tsura, sai jitar bes ta Louis Johnson ta shigo tana zagaye wuri guda, kusan rabin minti kafin a ji murya. Jones ya so a rage wannan buɗewa, Jackson ya ƙi, yana cewa ita ke sa shi rawa, kuma tarihi ya goyi bayan ƙaramin.

Yaya zarge-zargen da aka yi wa Jackson daga baya suka shafi karɓuwar kundin?

An zarge shi da lalata da yara a 1993, aka sasanta ƙarar farar hula ba tare da ya amsa laifi ba, a 2005 kuma kotu a California ta wanke shi daga wasu tuhume-tuhumen. Bayan fitowar shirin Leaving Neverland a 2019, wasu gidajen rediyo a Kanada da New Zealand sun dakatar da sa waƙoƙinsa, masu kula da dukiyarsa kuma suka musanta abin da shirin ya ƙunsa. Tun daga lokacin, da wuya a karanta dogon sharhi kan Thriller da bai taɓo batun ba. A ɓangaren kasuwa kuwa saurare bai tsaya ba, kuma kowace shekara a ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween na Amurkawa, waƙar Thriller takan sake leƙo jadawalin Billboard.

Akwai bugu daban-daban, wanne ya kamata mai farawa ya nema?

Na asali mai waƙoƙi tara. An sake fitar da kundin a 2001 da ƙarin hirarraki da Jones da Temperton, sai Thriller 25 a 2008 wanda ya zo da sababbin haɗe-haɗe tare da mawaƙa irin su Akon da Kanye West da will.i.am, waɗanda masu sharhi ba su yi marhabin da su sosai ba, sannan Thriller 40 a 2022 da ya ƙunshi gwaje-gwajen farko na wasu waƙoƙi. Wanda ya riga ya san kundin zai amfana da bugun 2022, domin a ciki akwai Starlight, inda ake jin kiɗan Thriller ɗin da aka sani amma da kalmomin da Temperton ya fara rubutawa, kafin a kawo Vincent Price da kaburbura.